Takardun da ake nema kafin gwamnati ta ba da kuɗin bincike ko horo a harkar sufuri

"Salam Malam. Ni a Kaduna nake, ina da ɗan kamfani da na yi wa rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, muna koya wa matasa tuƙi, wani lokaci kuma muna yi wa direbobin bas da masu Keke bita. Ni da wani abokina da ke koyarwa a wata babbar makaranta ta gwamnati muna so mu yi bincike a kan wahalar mota tsakanin Kawo da Sabon Tasha, sannan mu horar da direbobi kan motoci masu aiki da gas. An ce akwai kuɗin gwamnati na irin wannan, har na gani a intanet wai Amurka ma tana bayarwa. Amma duk wanda na tambaya sai ya lissafo min takardu kamar ba za su ƙare ba. Dan Allah waɗanne ne dole, kuma ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka da kyau, abu biyu ka haɗa a tambaya ɗaya, bincike daban horo daban, kuma so kake ka san takardun da in babu su ko duba ka ba za a yi ba. Toh abun da ya sa kowa ka tambaya yake ba ka nasa jerin shi ne babu wani asusu guda da gwamnati ta ware ta ce ga kuɗin bincike da horon sufuri nan, a zo a cike fom ɗaya a karɓa. Kuɗin a warwatse suke, kowanne da ƙofarsa, kowace ƙofa kuma da takardunta, kuma kusan duk waɗanda suka ba ka jeri gaskiya suka faɗa maka, kawai dai kowa ƙofar da ya sani ya kwatanta. Na yi shekaru a ofishin da ke kula da kuɗin bincike, na kuma zauna a kwamitin da ke tantance takardun masu neman aikin horo, saboda haka daga ɓangaren wanda ke buɗe ambulan zan yi maka bayani.

Zancen Amurka tukuna, mu sallame shi

Abun da ka gani gaskiya ne amma ba naka ba ne. Suna da hukumar tarayya mai kula da sufurin jama'a, FTA, a ƙarƙashin ma'aikatar sufurinsu, kuma a dokar sufurinsu akwai sashe na 5312 na bincike da gwada sababbin dabaru, da sashe na 5314 na tallafin ƙwarewa da horar da ma'aikata. An yi su ne don hukumomin bas da jiragen ƙasa na garuruwansu da jami'o'insu da kamfanoninsu. Mai nema sai ya yi rajista a shafin gwamnatinsu mai suna SAM, ya samu lambarsa, ya cike fom ɗin da suke kira SF-424, in ya samu kuma ya riƙa aika rahoton kuɗi da na ci gaban aiki a kai a kai. Kaga kenan su ma takardun ba su ƙyale su ba.

Abu ɗaya dai nake yi musu sha'awa a kai. Suna da doka tun 1980, aka sake mata fasali a 1995, wadda ta ce duk hukumar tarayya da za ta nemi bayani iri ɗaya daga mutum goma ko fiye sai ta samu amincewar ofishin kasafi na fadar shugaban ƙasa, OMB, kuma sai ta ƙiyasta awa nawa fom ɗin zai ci wa mai cikewa, ta buga sanarwa a jaridar gwamnati ta ba jama'a kwana 60 su yi ƙorafi, sannan a ƙara wasu kwana 30, kuma amincewar ba ta wuce shekara uku sai an sabunta. Da yawan irin sanarwar da mutane ke cin karo da ita a intanet su zata tallan kuɗi ne, wannan ce, wato hukumar ce ke neman izinin ci gaba da tambayar mutane takardu, ba rabon kuɗi ake ba. In wani ya ce maka kawo kaza zai shigar da kai cikin kuɗin Amurka na direbobi, riƙe kuɗinka.

Ƙofofin da ke nan gida

Ta farko ita ce ta bincike, kuma a nan abokinka shi ne babba ba kai ba, kar ranka ya ɓaci. TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu wadda dokar 2011 ta kafa, kuɗinta daga harajin da ake karɓa wajen kamfanoni yake fitowa, a zamanin harajin ilimi da kashi 2 aka fara, a 2023 ya kai kashi 3, kuma manyan makarantun gwamnati kawai take ba, jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi. Tana da ƙaramin tallafin bincike da ake nema ta cikin makaranta, tana kuma da babban asusun bincike na ƙasa, NRF, wanda ake gasa a kansa a faɗin ƙasa. A NRF sai an yi sanarwa, ka fara aika taƙaitaccen bayanin abun da kake son yi, in ya tsallake a ce ka kawo cikakken furofozal, in shi ma ya tsallake a kira jagoran binciken ya zo ya kare shi baki da baki gaban masana. Takardun wannan ƙofa ba na kamfani ba ne sam. Abun da ake so shi ne tarihin karatu da aikin jagoran da na sauran tawaga, rubuce-rubucen da suka wallafa, kasafi dalla-dalla, jadawalin aiki, da sa hannun shugaban makarantar, don kuɗin asusun makaranta yake shiga ba aljihun malami ba. Kai za ka shigo ne a matsayin abokin aiki daga waje, mai direbobi da filin gwaji, kuma wallahi wannan ba ƙaramin matsayi ba ne, masu tantancewa suna son su ga bincike yana da wanda zai yi amfani da shi. Takardar da za ka kawo a nan ita ce wasiƙar amincewa a kan takardar kamfaninka mai tambari, da yarjejeniya a rubuce tsakaninka da makarantar, ba tsakaninka da abokinka ba. Ka lura da wannan bambancin, don in gobe an yi masa canjin wurin aiki ko ya tafi ƙaro karatu, makarantar ba ta san da kai ba sai abun da ke fayil.

Ta biyu ita ce ta horo, kuma mafi yawan abun da mutane ke kira tallafin horo a gaskiya kwangila ce. Wata ma'aikata ko hukuma tana da layi a kasafin kuɗinta na horar da direbobi ko kanikawa, sai ta yi talla ta ɗauki kamfanin da zai yi, ta biya shi. Da zarar abu ya zama kwangila to dokar sayayya ta gwamnati ta hau kansa, a tarayya dokar 2007 da hukumar BPP, a jiharmu kuma dokar 2016 da hukumar KADPPA. A nan ne dogon jerin nan da ya tsorata ka yake, kuma a nan zan fi daɗewa.

Ta uku mutane ba su cika tunawa da ita ba, ITF, asusun horar da ma'aikata da aka kafa tun 1971, hedikwatarsa a Jos. Kamfanin da dokar ta shafa yana biyan kashi 1 na albashin ma'aikatansa na shekara, in kuma ya horar da su bisa ƙa'ida yana iya neman a mayar masa da har rabin abun da ya biya. Kai ba za a ba ka wannan kuɗin ba, amma kamfanin sufuri mai motoci da direbobi da yawa zai iya ɗaukar ka ka horar masa, shi ya je ya nemi mayarwa. Sharaɗin da ke kayar da mutane shi ne sai an sanar da ITF an samu amincewarta kafin a yi horon, ba bayan an gama an ci shinkafa an watse ba.

Akwai kuma NITT da ke Zariya, cibiyar fasahar sufuri ta ƙasa da aka kafa a 1986 ƙarƙashin ma'aikatar sufuri ta tarayya. Ita ba wurin rabon kuɗi ba ce, wurin horo da bincike ce, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 gwamnati ta karkata ga gas, NITT na cikin masu koyar da juya mota zuwa gas. A ganina kafin ka ce za ka koya wa wani direba yadda ake kula da tukunyar gas, ka tura mutum ɗaya ko biyu daga cikin masu koyarwarka su samo satifiket a irin wannan wuri. Kwamiti zai tambaya waye zai koyar, kuma "ya daɗe yana gyaran mota" ba amsa ba ce a takarda ko da gaskiya ce.

Jerin da ke ba mutane tsoro

In ka ɗauki tallan kwangilar tarayya guda biyar ka jera za ka ga kusan abu ɗaya suke maimaitawa. Satifiket ɗin CAC da takardun da ke nuna su waye masu kamfanin. Takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka wuce. Takardar PenCom da ke nuna kana zuba wa ma'aikata kuɗin fansho, wadda tallan suka saba cewa ta shafi mai ma'aikata 15 zuwa sama. Takardar ITF. Takardar NSITF, asusun diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, shi ma kashi 1 na albashi ne bisa dokar 2010. Shaidar rajista a kundin 'yan kwangila na BPP. Rahoton odita na shekara uku. Wasiƙar banki. Rantsuwar kotu da ke bayyana ko wani jami'in hukumar da ta yi tallan yana da hannu a kamfaninka, da cewa duk abun da ka kawo gaskiya ne. Shaidar irin wannan aiki da ka taɓa yi, wato takardar ba da aiki da ta kammalawa. In aikin horo ne sau da yawa a ƙara da rajistar CMD, cibiyar da ke tantance kamfanonin horo. Kai kuma da yake tuƙi ne sana'arka, sai ka haɗa da shaidar cewa hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, ta amince da makarantarka a tsarinta na tantance makarantun tuƙi.

Da yawa ne, ban musa ba. Amma in ka duba, duk tambaya uku suke amsawa: waye kai a idon doka, kana sauke haƙƙin gwamnati da na ma'aikatanka, kuma ka taɓa yin irin aikin. Ba don a wahalar da kai kaɗai aka tara su ba, wani ɓangare dabara ce, hukumomin fansho da haraji da ITF ba su da ƙarfin bin kowane kamfani shago-shago, sai aka ɗaura biyayyar a wuyan kwangila, in kana son kuɗin gwamnati to fara biyan naka. Wani ɓangaren kuma kariya ce ga jami'in da zai sa hannu, don shi ma odita na nan tafe, kuma odita fayil yake tambaya ba ya tambayar ko kai mutumin kirki ne. Ko tsarin ya yi adalci ga ƙaramin kamfani irin naka? A ra'ayina bai yi ba, don kusan takardun da za a nemi mai gina gada su ake neman mai horar da direba hamsin. Amma haka yake a yanzu.

Bari in nuna maka yadda abun ke faruwa a ɗakin kwamitin tantancewa. Ana buɗe ambulan, sakatare na riƙe da takarda mai layi-layi, sunan kamfani a hagu, takardun a sama, ba wanda ya karanta furofozal ɗinka tukuna, ko shafin farko. Ana kiran takarda ana cewa akwai ko babu. In an zo kan ta haraji sai wani ya duba kwanan wata, wani ya ɗauki waya ya duba lambar a shafin hukumar. Na ga fayil mai kyau, an yi masa bango mai sheƙi, tsarin horon da ke ciki ya fi na kowa, amma satifiket ɗin CAC ya ce "Enterprises", takardar haraji ta zo da sunan mai kamfanin shi kansa, wasiƙar banki kuma ta ce "Nigeria Limited" saboda ya buɗe sabon kamfani bai gama mayar da komai kansa ba. Suna uku, mutum ɗaya. Kowa a ɗakin ya gane mutum ɗaya ne, amma ba wanda zai sa hannu a kai, aka ture shi gefe, mutumin kuma na tabbata har yau yana cewa don ba shi da kowa a sama ne. Ba na ce babu son kai a harkar ba, akwai, amma mafi yawan waɗanda na ga sun faɗi tun a wannan layin suka faɗi, kafin a kai ga inda son kan zai yi aiki.

Abu na biyu da ke kayar da mutane shi ne ranar ƙarewa. Takardar haraji, ta PenCom, ta ITF, ta NSITF, da ta BPP duk a ƙarshen Disamba suke mutuwa, kowace shekara sai an sabunta, kuma wata na jiran wata, misali sai odita ya gama kafin ka shigar da haraji, sai haraji ya fito kafin wasu su saurare ka. Talla kuma makonni kaɗan yake bayarwa, sau da yawa huɗu zuwa shida, tallan da ke neman kamfanoni su nuna sha'awa kawai ma bai kai haka ba. Wanda ya ga talla sannan ya fara neman odita ya riga ya makara, ba a fafe gora ranar tafiya. Masu cin irin wannan aiki tun Janairu suke fara zagayen ofisoshi, kafin Afrilu komai na cikin jaka da kuma kwamfuta, talla na fitowa furofozal kawai za su zauna rubutawa.

Yanzu batun rajistarka. Sunan kasuwanci ba laifi ba ne, amma a doka kai da shi abu ɗaya ne, shi ya sa harajinsa na mutum ne, KADIRS kake biya a nan jiha. Kamfani mai "Limited" shi mutum ne mai zaman kansa a doka, harajinsa na tarayya ne, wajen FIRS wadda dokokin haraji na 2025 suka mayar NRS. Ga ƙananan ayyukan jiha ko na ƙaramar hukuma sunan kasuwanci na iya wucewa, amma in idonka na kan tarayya gara ka ɗaga shi zuwa kamfani. Sai dai ka sani sabon kamfani ba shi da tarihin shekara uku, ba shi da ayyukan baya da sunansa, saboda haka a farkon nan hanya mafi sauƙi ita ce haɗin gwiwa da kamfanin da ya riga ya cika sharuɗɗan, da yarjejeniya a rubuce wadda lauya ya duba, kowa ya san kasonsa tun kafin kuɗi ya shigo. In kuma ƙungiya ce mai zaman kanta kuke son yi don neman tallafin masu ba da agaji, wannan rajistar amintattu ce a CAC, kuma banki zai nemi satifiket ɗin SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Kar ka yi duka ukun lokaci ɗaya, kowanne da rahoton shekara da ake shigarwa CAC, in ka bari suka taru tara ce.

Takardun da ba sa cikin talla amma aikin ba ya yiwuwa sai da su

Binciken da kuke so, Kawo zuwa Sabo, wato Sabon Tasha, ba a ofis ake yinsa ba. Sai kun tsayar da yara da takarda a Kawo, a Kasuwa, a wajen gadar kogin Kaduna inda komai ke cushewa, a unguwar Television, a Sabo, tun kafin bakwai na safe, suna ƙirga mota nawa ta wuce, mutum nawa ke ciki, minti nawa fasinja ya tsaya kafin ya samu, nawa ya biya da safe nawa ya biya bayan la'asar. Yaron da ya tsaya a bakin tasha yana rubuta lambar mota ba tare da kowa ya san da zuwansa ba, kafin awa ɗaya 'yan kamasho sun kewaye shi, don za a ɗauka ɗan leƙen asirin masu haraji ne. Saboda haka kuna buƙatar wasiƙa zuwa ga shugabannin ƙungiyoyin direbobi da masu motoci, NURTW da RTEAN, da ƙungiyar masu Keke, ta jiha da kuma ta reshen tashar, kuma ku je da ƙafarku a gaisa, a buga muku hatimi a kwafin ku. Haka KADSTRA mai tsara harkar sufuri a jiha, da KASTLEA da ke kan titi. Kowane yaro ya riƙe kwafi da katin shaida a wuya. In kun saka waɗannan wasiƙun cikin furofozal tun farko ma ƙarin maki ne, don suna nuna kun san filin.

Tunda kuma mutane za ku yi wa tambayoyi, makarantar abokinka tana da kwamitin ɗa'ar bincike da zai duba tambayoyin ya ba da takarda, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa dole ka gaya wa mutum me za ka yi da sunansa da lambar wayarsa, ya yarda. Ku rubuta takardar yardar da Hausa mai sauƙi, wanda ba ya karatun boko a karanta masa ya dangwala.

Wajen kasafi akwai layin da 'yan boko ke mantawa kullum. Mai Keke in ka zaunar da shi aji yini guda, ba kuɗin cefanen gidansa kawai ya rasa ba, akwai balas da zai kai wa mai Keken da yamma ko ya fita ko bai fita ba. In ba ka sa kuɗin da zai rufe masa wannan ba, zai zo da safe ya rubuta suna ya karɓi riga, ƙarfe sha ɗaya ka nemi rabin aji ka rasa, kuma ba laifinsa ba ne. Ka rubuta shi ƙarara a kasafi da dalilinsa, don abun da ba ya cikin kasafin da aka amince da shi ba za ka iya biya daga baya ba sai da izini a rubuce. Ka kuma lissafa harajin da ake cirewa tun daga tushe kafin kuɗin ya iso ka, kar ka yi kasafi a kan adadin da ke takardar ba da aiki kamar duka zai shigo.

Bayan kuɗi ya shigo

Nan ne nake so ka fi sa hankali, don kowa tunanin takardun shiga yake, alhali na fita sun fi yawa kuma su ke hana mutum samu karo na biyu. Ba a ba da kuɗin a dunƙule. A bincike kashi-kashi ne, ba za a saki na gaba ba sai ka kawo rahoton ci gaba da ritayar na baya, wato kowace naira da rasit ɗinta. A kwangila kuma in za a ba ka kuɗin somin aiki sai ka kawo takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora, sauran kuma sai an zo an gani an rubuta takardar kammalawa. Tun 2015 kuɗin hukumomin tarayya a asusun bai ɗaya yake, TSA, jiharmu ma ta bi wannan tsarin, saboda haka biya ta banki ne zuwa asusun da ke ɗauke da ainihin sunan da ke takardar ba da aiki, ba asusun matarka ko na ƙaninka ba. Kuma ko komai naka ya cika fayil na iya kwana a teburin wani na makonni, na sha ganin malami ya gama tsara fita fili, damina ta shigo, kuɗin na nan cikin makaranta ana jiran sa hannun mutum ɗaya da ya yi tafiya. Ku sa irin wannan jinkirin cikin jadawalinku tun farko.

Takardar da odita ya fi tsurawa ido a aikin horo ita ce ta halarta. Suna, lambar waya, tasha ko reshen ƙungiya, lambar lasin, sa hannu ko dangwale, kowace rana daban, safe da yamma. In ya ga sunaye arba'in da rubutun hannu ɗaya da biro ɗaya, sa hannun duk sun karkata gefe guda, shikenan ya gama yanke hukunci ko da kuwa da gaske mutanen sun zo, sakatarenku ne kawai ya ga zai taimaka ya rubuta musu. Bar kowa ya rubuta da hannunsa komai munin rubutun, wanda ba zai iya ba a rubuta masa suna ya dangwala da kansa. Alawus kuma ku tura ta banki ko ta waya ku buga shaidar, ya fi ambulan kwanciyar hankali. Odita kan ɗauki lamba biyar ko shida a jerin ya kira, "Malam ka je horo ranar kaza? Nawa aka ba ka?", in amsar ta saɓa da baucar kun shiga uku.

Rasit ma haka. Mai abinci, mai hayar kujeru, mai ɗab'i, gidan mai, kowa ya ba da rasit mai suna da kwanan wata a ranar, kar ku bari sai ƙarshe ku zo kuna neman wanda zai rubuta muku na wata uku a zama ɗaya, lambobin rasit ɗin za su fito a jere kuma kowa ya san ma'anar haka. Inda babu rasit kwata-kwata, kamar kuɗin Keken da yaran ƙirga suka hau, ku yi takardar biya su sa hannu kullum. Hotuna da ɗan gwajin da aka yi wa direbobi kafin horo da bayansa su ma ku ajiye, su ne ke cika rahoton ƙarshe.

Da ni ne kai

Zan raba aikin biyu. Binciken ya bi ta makarantar abokinka, ya fara da ƙaramin tallafin cikin gida ya ƙirga hanya ɗaya tak, ko Kawo zuwa Kasuwa ma ya isa, don sakamakon wannan shi zai ba babban furofozal nauyi daga baya. Horon kuma ka fara da wanda ba ya buƙatar talla, wani reshen ƙungiya ko kamfani mai motoci, ko kuɗin kaɗan ne, amma ka tabbata an ba ka takardar ba da aiki da ta kammalawa da sunan kamfaninka, don su ne shaidar ayyukan baya da za a tambaye ka. A gefe guda kana gyara CAC, haraji, FRSC, da rajistar KADPPA, sannan na tarayya su biyo baya.

Iyakata a nan ita ce ni ba lauya ba ne ba kuma akanta ba, zancen wane irin rajista ya fi dacewa da kai da lissafin haraji nasu ne, kuma abun da na faɗa daga ɓangaren bincike da horo na gan shi, ba sayen motoci ko gina tasha ba. Sharuɗɗan ma ana taɓa su lokaci-lokaci, musamman yawan ma'aikatan da ke sa wata takarda ta zama dole, saboda haka in abun da na rubuta ya saɓa da tallan da ke hannunka, tallan za ka bi. In wani sharaɗi bai shafe ka ba, misali ma'aikatanka ba su kai adadin ba, kar ka bar gurbin haka nan, rubuta 'yar wasiƙa ka faɗi dalili ka haɗa da jerin albashin ma'aikatanka, don sakataren nan mai takarda mai layi-layi ya samu abun da zai rubuta a wurin maimakon "babu".